Yadda zaka shirya ma tes da asainmen ɗin Turanci tun kafin lokaci ya ƙure

Jiya bayan isha'i na zauna ina makin takardun tes na 'yan SS2, babu wuta, da tocilan ɗin waya nake dubawa, sai na sake cin karo da abin nan da ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya. Yaro ya gane tambaya, yana da abin faɗa, labarin da ya kawo ma mai ma'ana ne, amma kafin in kai ƙarshen shafin farko jan biro ya gama cinye takardar. Kuma wallahi na san yaron nan ya yi karatu, don ranar tes ɗin idonshi ja wur ya shigo aji. Matsalar ba rashin ƙoƙari ba ce, ƙoƙarin ne ake zubawa inda ba nan ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta ma ƙannena, na sakandare da waɗanda suka shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua (UMYU) ko Hassan Usman Poly ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) suna fama da kwas ɗin Turanci na shekarar farko, yadda ni nake ganin ya kamata a tunkari abin.

Mu nan Katsina Allah ya hore mamu hadda, tun daga makarantar allo aka horar da ƙwaƙwalwarmu a kai, kuma alheri ne babba. Da hadda zaka iya cin Gwamnati ko Bayoloji, ka riƙe ma'anar abu ka zuba ma malami yadda ya baka. Turanci kuwa ɗan'uwan ɗinki ne, a hannu yake zama. Wanda bai taɓa taka keke ba, ko ya kwana yana karanta yadda ake ɗinka aljihu, gobe in an miƙa mashi yadi ɓata shi zai yi. To haka wanda bai saba rubuta jimla da kanshi ba, ko ya haddace handawut daga bango zuwa bango, da an juya tambayar kaɗan sai kaga ya tsaya yana cizon biro. Don haka shirin tes ɗin Turanci daga satin farko na zango yake farawa, kwanan zaune na daren jarabawa ba abin da yake ƙarawa sai ciwon kai.

A satin farkon nan, ka fara sanin inda maki yake. A yawancin makarantu CA, wato makin da ake tarawa cikin zango kafin jarabawa, yana ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100, sauran na jarabawar ƙarshe ne, kuma CA ɗin nan gutsi-gutsi ake tara shi, tes na farko, tes na biyu, asainmen, wani malamin har da duba littafin rubutu ko tsayawa gaban aji a yi bayani. Ka tashi da ladabi ka tambaya, Malam ya za'a raba makin, tes nawa zamu yi, daga ina zuwa ina. Ba malamin kirkin da zai ji haushin wannan tambayar, mu daɗi ma take mamu. Dubi lissafin, wanda ya shiga jarabawa da 24 cikin 30 a aljihu, maki 26 kawai yake nema cikin 70 ya kai 50. Wanda ya shiga da 9 don bai kawo asainmen ba kuma ranar tes ya tafi ɗaurin aure Jibia, sai ya nemo 41, kuma a Turanci 41 cikin 70 ba abin wasa ba ne. Da yawan masu kari-oba a kwas ɗin nan ba a zauren jarabawa suka faɗi ba, tun a CA suka zubar da rabonsu.

Abu na biyu, kuma in da za'a ce in zaɓi guda ɗaya cikin duk maganata shi zan zaɓa, ka sayi ɗan littafi mai shafi 40 ka maida shi littafin kurakuranka. Duk takardar da malami ya dawo maka da ita, kada ka kalli makin kawai ka dunƙule ka cusa a jaka. Ka bi jan biron ɗaya bayan ɗaya, a hagu ka rubuta yadda ka yi, a dama ka rubuta daidai, a ƙasa ka ƙirƙiri sabuwar jimla taka da gyaran. Inda baka gane dalilin jan ba ka bi malam ofis. Bayan sati huɗu zaka ga abin mamaki, ashe kurakuranka ba ɗari ba ne, guda biyar ne ko shida kake ta maimaitawa, wani nashi manta babban baƙi, wani nashi their da there, wata kullum recieve take rubutawa maimakon receive. Da ka san ɓarayin makinka da sunansu, rabin aikin ya ƙare, don kowa nashi daban ne kuma ba handawut ɗin da zai gaya maka naka.

Amma akwai ɓarawo ɗaya da kusan duk Bahaushe yake fama da shi, bari in daɗe a kanshi don in ka gane tushenshi zaka daina ganin kamar kai ne baka da kai. A Hausa lokaci a jikin ɗan wakilin sunan da ke gaban aikatau yake zaune. Muna cewa ya sayi goro, zai sayi goro, yakan sayi goro, kaga ya da zai da yakan su ne ke gaya maka jiya ne ko gobe ko kullum, shi sayi yana nan yadda yake. Turanci kuma a wutsiyar aikatau yake rataye lokaci, he ɗin baya motsi, aikatau ne ke canza riga, he buys, he bought, he has bought. To ƙwaƙwalwar da ta tashi da Hausa, da ta rubuta he sai taji ai ta gama aiki, sai hannu ya saki aikatau tsirara, shi ya sa kake ganin yesterday he go to market, ko my father work in Funtua babu s ɗin nan ta ƙarshe. Yaron ya san ƙa'idar fa, in ka tambaye shi da baki zai faɗa maka daidai, a rubutu ne hannun ke komawa gida.

Maganin shi ne ka koya ma idonka duba wutsiya. Duk abin da ka rubuta, in ka gama, ka sake binshi karo na musamman, ba ka karanta don ma'ana ba, a'a, ka ɗora bakin biro kan kowane aikatau ka tambayi kanka abu biyu, yaushe aka yi, kuma mutum nawa suka yi. In labarin jiya ne to tun daga farko har ƙarshe ya zauna a jiya, kada ka fara da went a sakin layi na farko ka koma go a na biyu. In mutum ɗaya ne kuma abin da ya saba yi ne, s tana nan dole. Sannan waɗannan aikatau masu taurin kai da basa karɓar ed, irinsu go went gone, take took taken, write wrote written, nan ne haddarmu zata yi amfani, ka ɗauki biyar kullum ka rera su kamar yadda muke rera karatu, amma kowanne ka saka shi a jimla kafin ka wuce.

Ɓarawo na biyu shi ne tunani da Hausa a juye shi kalma da kalma. Ina jin yunwa ya zama I am hearing hunger, sha magani ya zama drink medicine alhali take medicine ake cewa, ina zuwa ya zama I am coming kuma mutum tafiya zai yi. Ara mani biro ya zama borrow me your pen, saboda mu kalma ɗaya ce ara, su kuma sun raba, mai bayarwa lend yake yi mai karɓa borrow. Ga kuma kalmomin da basa ɗaukar jam'i, information, advice, furniture, equipment, luggage, masu saita tambaya suna son su kamar me, kusan ba tes ɗin cike gurbi da zaka gani babu ɗaya daga ciki. Ba ina cewa Hausarka ce matsala ba, ko kusa, wanda ya iya tsara magana da Hausa shi ne ma ya fi saurin iya tsara ta da Turanci. Abin da nake cewa, kada ka riƙa koyon kalma ita kaɗai kamar marainiya, ka koye ta da abokan tafiyarta. Kada ka haddace interested kawai, ka riƙe interested in, ka riƙe congratulate on, good at, married to. In ka buɗe ƙamus, ko na waya ne, misalin jimlar da ke ƙasan ma'anar ya fi ma'anar kanta amfani a gareka.

To ta ina kunne da ido zasu saba, tunda daga gida har kasuwa har cikin Napep Hausa muke yi, wani lokacin ma malamin Turancin da Hausa yake bayani? Sai ka ƙirƙiro ma kanka minti 30 kullum. Ni abin da nake sa ɗalibaina, su nemi labari ɗaya a Aminiya su karanta da Hausa, sannan su nemi labarin abin a Daily Trust su karanta da Turanci, tunda kamfani ɗaya ne kuma manyan labarai sukan fito a duka biyun. Da yake ka riga ka san abin da ya faru, hankalinka zai koma kan yadda aka faɗe shi. Ka karanta da ƙarfi, bakinka ya motsa. Daga nan ka rufe wayar ka rubuta jimla biyar kan abin da ka karanta ko kan yininka, biyar kacal, amma kullum, bayan asuba ko tsakanin magariba da isha'i. Ranar Juma'a ko Asabar ka ba wani wanda ya fi ka ya duba maka, yayanka ko abokin da ka yarda da shi. Ƙannena mata da aikin gida ya yi ma yawa, ki ajiye littafin kusa, jimla biyar ana rubuta su kafin shinkafa ta tsotse.

Sai insha'i, wanda shi ne uwa uba. Malaman sakandare da yawa da tsarin WAEC suke makin tes ɗin aji, don haka ya kamata ka san shi tun daga SS1. Insha'i maki 50 ne, ana son kalma wajen 450, kuma an kasa makin gida huɗu, 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu wato nahawu da haruffa da aya da waƙafi. A wannan goman na ƙarshe kowane kuskure rabin maki yake ci, kenan kuskure 20 ya share shi tas, kuma wallahi da yawa a shafin farko suke gama cinye nasu. Shi ya sa nake roƙonku ku bar neman manyan kalmomi don burge malami. Gajeriyar jimla mai lafiya ta fi doguwa mai karaya uku. Kuma ku bar haddace buɗewar nan da kowa ke yi, wadda ake ta gaisuwa da yabon malami layi shida ba'a shiga magana ba, mai maki ya ganta sau ɗari kafin taka.

Kafin ka fara, ka ɗauki minti biyar ka jera batutuwa uku ko huɗu da zaka yi magana a kai a gefen takarda, kowanne sakin layinshi daban. In wasiƙa ce ka tabbatar wace iri ce, don nan ake zubar da makin tsari a banza. Wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ko ciyaman ko editan jarida adireshi biyu take ɗauka, da kwanan wata, da Dear Sir, da kanun magana, a rufe da Yours faithfully, sa hannu, sannan cikakken suna. Ta aboki ko ɗan'uwa adireshi ɗaya ce, a rufe da Yours sincerely da sunanka na farko kawai. Y ɗin babba ce, f ko s ɗin da ke biye ƙarama. Wannan kam a zauna a haddace shi, a kuma rubuta kowace iri sau uku kafin tes.

Auna fahimta da taƙaitawa kuwa, ka fara karanta tambayoyin kafin labarin, sai ka shiga labarin ka san abin da kake farauta. In an ce ka kawo kalmar da zata maye gurbin wata, ka cire tasu ka saka taka ka karanta jimlar, in asalin tana da ed taka ma ta zo da shi. A taƙaitawa, wadda a WAEC maki 30 ce, abu biyu ke kashe mutane, kwafe jimlar labarin ɗungurungum, da ba da amsa guntu-guntu alhali an ce a rubuta cikakkiyar jimla. In an ce jimla uku to uku, kada ka ƙara misalai da kwalliya. Hanyar gwaji mai sauƙi, ka karanta sakin layi ɗaya, ka rufe, ka gaya ma ƙaninka da Hausa a magana ɗaya me aka ce, in ka iya wannan to ka gane, saura ka faɗe shi da Turancinka mai sauƙi.

Ɓangaren furuci shi ne wanda aka fi gudu kuma shi ne ya fi saurin gyaruwa. Hausa bata raba p da f ba, mu Katsinawa ma f ɗin tamu zuwa h take karkata, lahiya, tahiya, to sai pan da fan, pull da full su zama abu ɗaya a kunnenmu, daga kunne kuma ya sauko hannu kaga an rubuta feofle. Ka riƙe 'yar takarda gaban bakinka, in ka ce p leɓɓa biyu zasu haɗe su fashe takardar ta motsa, in f ce haƙoran sama ne ke sauka kan leɓen ƙasa iska ta zirara. Haka b da v, haka th da muke maidawa s ko z, think ya koma sink, ita harshe ake ɗan turowa tsakanin haƙora. A tes na furuci kada ka yarda da ido, ch ɗin chair daban, ta chemist daban, ta machine daban, kuma b ɗin comb da debt da t ɗin listen duk ba'a furta su. Ka sa ƙamus ɗin wayarka ya furta maka kalma ka maimaita. Kuma duk mai gaya maka bakin Bahaushe baya iya Turanci, ka nemo jawabin Sir Abubakar Tafawa Balewa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1960 a YouTube ka saurara. A nan garin ya yi karatu, a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ginin ƙasar nan da yanzu ya zama gidan tarihi, shi da Sardauna duk nan suka zauna aji.

Maganar asainmen, dan Allah ranar da aka bada shi ka fara, ko da karanta tambayar ce kawai ka ja layi ƙarƙashin abin da ake so, discuss daban, list daban, compare daban. Ka rubuta na farko a takardar banza, ka barshi ya kwana, gobe ka bishi da duban wutsiyar nan, sannan ka kwafe a mai kyau. Na san yanzu ChatGPT ake ba aikin ko a je kafe a biya a fiddo, kuma ina gaya maku tsakani da Allah muna ganewa, yaron da a aji bai iya haɗa jimla biyu ba ya kawo rubutu kamar na farfesa, wani ma mutum takwas su kawo abu ɗaya har da kuskuren. Abin da ya fi sifilin da zaka samu zafi shi ne asainmen ne kaɗai wurin da zaka yi kuskure a gyara maka kafin jarabawa, in ka ba na'ura ta yi maka ka sayar da wannan damar. In zaka yi amfani da ita, ka rubuta naka tukuna, sannan ka ce ta nuna maka kurakuran da dalilinsu, ka kwashe su zuwa littafinka. Aikin rukuni kuma kada ka zama mai kawo kuɗin firintin kawai, ka karɓi ɓangare ka rubuta, don ranar tsayawa gaban aji malam yakan nuna wanda ya fi kowa ɓuya ne.

In tes ya rage sati ɗaya, ka nemo tambayoyin shekarun baya wajen 'yan ajin gaba, na makarantarku da na WAEC da NECO, ka zauna da agogo ka amsa kamar da gaske, insha'i cikin minti 50, waya a kashe. Ku haɗu ku uku ko huɗu kuyi musayar takardu kowa ya yi makin na wani, fiye da haka fira ce zata ɓarke. Daren tes kada ka ɗauko sabon abu, littafin kurakuranka kawai zaka bi daga farko zuwa ƙarshe, ka haɗa biro biyu, ka yi addu'a ka kwanta da wuri. A cikin aji ka karanta umarni sau biyu, ka fara da tambayar da ka fi sani, ka rubuta lambar kowace amsa daidai, rubutun ya fito yadda mai maki ba zai wahala ba. Kada ka bar gurbi a tambayoyin zaɓi, ka cire biyun da ka tabbatar ba su ba ne ka zaɓa cikin sauran. Sannan ko ana ta miƙa takarda ana fita, kai ka riƙe minti biyar na ƙarshe, ka koma layin farko da bakin biro, aikatau bayan aikatau, babban baƙi a farkon jimla da sunan gari da ranar mako, aya a ƙarshe, sai Malam ya ce a ajiye biro sannan ka miƙa.